Hoton dare: tsohuwar kyamara ko sabuwa, wacce ta fi yi wa mai hoto aiki?

Daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Garwa zuwa Njamena, yawancin shagulgulan da ke kawo wa mai hoto kuɗi bayan magariba ake yin su. Kamu, wankan amarya, walima, wasan makaɗa a ƙofar gida, har da tafsirin dare a watan azumi. Sau da yawa hasken wurin bai wuce ƙwan fitila biyu ko uku da aka rataya a rumfa ba, in kuma wuta ta ɗauke sai a koma kan janareta ko fitilar salula. Biki sau ɗaya ake yin sa. In fuskar amarya ta fito baƙi ƙirin ko ta yi dishi-dishi, babu damar sakewa, kuma mai hoton ya rasa wannan gida da maƙwabtansa.

Shi ya sa matashin da ya tara ɗan jari don shiga sana'ar yakan tsaya tsakanin zaɓi biyu. Ga ƙaramar kyamara sabuwa fil a kwali, ga kuma babbar kyamarar ƙwararru ta hannu wadda ta yi shekara goma ko fiye a duniya, kuma kuɗinsu bai yi nisa da juna ba. Amsar a taƙaice ita ce, tsabtar hoton dare ta fi dogara da girman sensa da faɗin bakin gilashi fiye da shekarar da aka ƙera kyamara. Inda sabuwar fasaha ta yi nisa shi ne wajen kama fokas cikin duhu, da rage girgizar hannu, da ɗaukar bidiyo.

Me ke ɓata hoton dare?

A cikin kowace kyamara akwai wani ɗan allo da ake kira sensa, shi ne ke kama hasken da ya shigo ta gilashin gaba, wanda masu hoto a ƙasashen renon Faransa ke kira objektif. An rarraba allon zuwa ƙananan ɗigo miliyoyi, kamar a ce an jera ƙorai a tsakar gida ana taren ruwan sama. In aka yi mamako, kowace ƙwarya za ta cika daidai da ƴar'uwarta. In yayyafi ne kawai, wata ta samu ɗigo biyar, ta kusa da ita ta samu biyu. Wannan rashin daidaito shi ne yashi-yashin da ake gani a hoton dare, musamman a wuraren inuwa. Ƙa'idarsa sananniya ce: sai an ninka haske sau huɗu kafin tsabtar hoto ta ninka sau biyu.

Akwai kuma wani yashin da lantarkin kyamarar kansa ke haifarwa lokacin da yake karanta abin da sensa ya kama. Wannan na biyun ne kamfanoni suka yi ta ragewa shekara da shekaru. Na farkon kuwa ɗabi'ar haske ce, babu kamfanin da zai kawar da shi, maganinsa kawai a samu ƙarin haske.

Hanya biyu ce ke ƙara hasken da ke isa ga sensa. Ta farko a buɗe bakin gilashi sosai, abin da ake aunawa da lambar f, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar buɗewa. Ta biyu a bar labulen da ke gaban sensa a buɗe na tsawon lokaci, amma duk abin da ya motsa a lokacin zai fito a goge. Lambar ISO, wadda masu saye suka fi tambaya, ba ta ƙara haske ko kaɗan. Aikinta kamar na ƙara muryar rediyo ne lokacin da tasha ta yi nisa: magana ta ƙaru, shuu ɗin ma ya ƙaru tare da ita. Don haka kyamarar da aka rubuta wa ISO 51,200 a kwali ba lalle ba ne ta ba da hoton da za a iya miƙa wa mai biki a wannan lambar.

Girman sensa

Babban sensa, wanda ake kira cikakke, faɗinsa milimita 36 ne da 24, daidai da tsohon fim na milimita 35. Matsakaicin, mai suna APS-C, wanda ke cikin yawancin kyamarorin farawa, yana wajen milimita 23.5 da 15.6 a Nikon da Sony, na Canon kuma 22.3 da 14.9. Wato filin babban ya ninka na matsakaicin fiye da sau biyu. In aka daidaita buɗewar gilashi da lokacin labule, babban zai tara haske fiye da ninki biyu, kuma hotonsa a ISO 6,400 yakan yi kusa da na matsakaicin a ISO 3,200 ko ƙasa da haka.

Yawan megafiksal ba shi ne ma'aunin aikin dare ba. Sony A7S da ta fito a 2014, wadda aka ƙera musamman don ƙarancin haske, megafiksal 12 kawai gare ta. In za a wanke hotuna biyu a takarda mai girma ɗaya, ko a tura su ta WhatsApp, abin da zai bambanta su shi ne jimlar hasken da kowane sensa ya tara.

Shekarun da aka yi babban ci gaba

Ba kowace tsohuwa ce ke da amfani da dare ba. Kyamarorin kafin 2007, irin su Nikon D200 ta 2005 da D80 ta 2006, hotonsu yakan fara lalacewa da zarar an wuce ISO 800. Canjin ya zo ne da Nikon D3 a 2007, mai babban sensa da megafiksal 12, wadda ta sa ISO 3,200 da 6,400 suka zama abin aiki. A 2008 aka sa irin wannan sensa a D700, Canon kuma ya fito da 5D Mark II mai megafiksal 21.

Tsakanin 2012 da 2014 aka samu rukunin da har yanzu ke cika kasuwar kayan hannu: Canon 5D Mark III da 6D a 2012, Nikon D610 a 2013, sai D750 a 2014. Bayansu an ƙara samun gyara. A 2015 Sony ya kawo babban sensa da aka mayar da wayoyinsa baya don kada su tare haske, a cikin A7R II, kuma A7 III ta 2018 ta yaɗa wannan fasaha. Sai dai ci gaban ya rage gudu, domin sensan 2014 ya riga yana kama kusan rabin hasken da ya sauka a kansa, abin da ya rage a ƙara ba shi da yawa. In aka ɗora hoton D750 da na kyamarar yau mai megafiksal 24 gefe da gefe, dukansu a ISO 3,200, sai an ƙura ido sosai kafin a ga bambanci.

Akwai kuma abin lura game da kalmar “sabuwa”. Kyamara tana iya zama sabuwa a kwali alhali kayan cikinta tsofaffi ne. Canon 4000D ta fito a 2018, amma sensanta mai megafiksal 18 daga zuriyar da kamfanin ya fara fitarwa tun 2009 yake, kuma wuraren fokas 9 ne kawai a cikinta. Da dare, 6D ta hannu da ta girme ta da shekara shida ta fi ta nesa ba kusa ba. A nan dai maganar Hausawa ta tabbata, da tsohuwar zuma ake magani.

Gilashi ya fi komai tasiri

Yawancin ƙananan kyamarori ana sayar da su ne da gilashin 18-55, wanda buɗewarsa ke farawa daga f/3.5, ta ragu zuwa f/5.6 in an janyo abu kusa. Wasu sababbin ma sun fi haka ƙuntata, kamar gilashin Canon RF-S 18-45 da ke ƙarewa a f/6.3. Gilashin 50 mai buɗewar f/1.8, wanda yana cikin mafi arha a wajen kowane kamfani, yana shigar da haske kusan sau goma fiye da f/5.6.

Ga yadda lissafin yake a wurin aiki. Ana kai amarya, mata na tafe da ita a hankali, mai hoto na buƙatar labule ya buɗe ya rufe cikin kashi ɗaya bisa 100 na daƙiƙa don kada motsi ya goge fuska. In gilashin 18-55 a f/5.6 ya tilasta masa ISO 12,800, gilashin f/1.8 zai ba shi hoton a wajen ISO 1,300. Babu wani sabon sensa da ya taɓa kawo ribar da ta kai wannan.

Amma buɗewa mai faɗi tana da nata sharaɗi. A f/1.8 yankin da ke fita da kaifi siriri ne ƙwarai, in idon amarya ya fita, ƙawar da ke bayanta da taku ɗaya za ta yi hazo. Hoton dangi mai layi biyu ko uku yana son f/4 ko f/5.6, kuma a nan dole a nemi filashi, a harba shi zuwa farin bango ko rufin ɗaki don hasken ya dawo da laushi. Sannan a kyamara mai matsakaicin sensa, gilashin 50 yana matse fili a cikin ɗaki, 35 ko 24 ya fi dacewa. Mai ƙaramar Nikon ta jerin D3000 ko D5000 kuma ya kula: babu injin juya fokas a jikinta, don haka tsohon gilashin 50 f/1.8D ba zai yi fokas da kansa ba, sai mai alamar AF-S.

Inda sabuwa ta yi gaba

Hoto mai ɗan yashi ana karɓarsa, wanda fokas ya kuɓuce masa kuwa shara ne. A nan ne tsofaffin kyamarori masu madubi, waɗanda ake kira reflex a Faransanci, ke nuna shekarunsu. Canon 6D wuraren fokas 11 gare ta, na tsakiya ne kaɗai ke da ƙarfi cikin duhu, sai mai hoto ya kama fokas da shi sannan ya gyara tsayuwar hoton. Ga wanda ke tsaye wannan ba matsala ba ce. Ga mai rawa ko yaro mai gudu, hotuna da yawa za su zube. Sababbin marasa madubi, irin su Sony A7 III ko Canon R6 ta 2020, suna gano ido da kansu su bi shi duk inda ya nufa a cikin hoton, ko da hasken ya yi ƙasa sosai. Cikin tsofaffin ma akwai bambanci: 5D Mark III mai wuraren fokas 61 da D750 mai 51 sun fi 6D da 5D Mark II iya bin motsi.

Na biyu shi ne abin leƙawa. A mai madubi, ido na ganin wurin kamar yadda yake, in duhu ne duhu za a gani. A marar madubi ƙaramin allo ne ake leƙawa, yana haskaka wurin, yana kuma nuna yadda hoton zai fito tun kafin a danna.

Na uku shi ne na'urar da ke motsa sensa don soke girgizar hannu, wadda Sony ya fara sa wa marar madubi mai babban sensa a A7 II a ƙarshen 2014. Tana ba da damar barin labule a buɗe na tsawon lokaci ba tare da ƙafa uku ba. Sai dai girgizar hannun mai hoto kawai take gyarawa. Hasumiyar masallacin Agadas da dare za ta fito tas, ɗan kokowa da ke kirari a fili kuwa zai goge duk da ita.

Na huɗu bidiyo, wanda masu biki da yawa yanzu ke haɗawa da hoto a ciniki ɗaya. D700 ba ta ɗaukar bidiyo sam. 5D Mark II tana ɗauka, amma ba ta bin fokas da kanta yayin ɗaukar. Wanda rabin kuɗin shigarsa daga bidiyo yake, wannan kaɗai ya isa ya karkata shi zuwa marar madubi.

Akwai kuma matsalar ƙyaftawar fitila. Wutar lantarki a Nijar, Najeriya, Kamaru da Chadi tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, don haka fitilu da yawa, musamman dogayen ƙwai da masu arhar LED, suna ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa ba tare da ido ya gani ba. In labule ya yi sauri, wani hoto ya fito da haske, na bayansa ya yi duhu ko ya canza launi. Tun daga Canon 7D Mark II ta 2014 aka fara sa wa kyamarori dabarar jiran lokacin da fitilar ta fi haske. Wanda tasa ba ta da ita sai ya tsaya a 1/50 ko 1/100. Ɗaukar shiru ta sababbin kyamarori, mai amfani a wurin tafsiri ko ɗaurin aure, ita ma takan jawo layi-layi a hoto ƙarƙashin irin waɗannan fitilu.

Inda tsohuwa ke da riba

Tun 2018 da Canon da Nikon suka fito da manyan kyamarorinsu marasa madubi, ƙwararru a Turai da Amurka da Asiya ke ta sauya kaya, abin da ya sa masu madubi da gilasansu suka yawaita a kasuwar hannu, farashinsu ya sauka. Gilasan ba su zama asara ba ko da mutum ya sauya daga baya, domin akwai zoben haɗi da ke ɗora gilashin Canon EF a kan jerin R, da na Nikon F a kan jerin Z.

Batir ma abin dubawa ne a garin da wuta ba ta tsayawa. A ma'aunin da kamfanonin suka yarda da shi, D750 tana ɗaukar hoto 1,230 da caji ɗaya, A7 III kuma 610 in ana leƙawa, 710 in ana kallon allon baya. Sai ƙura. In an cire gilashi daga marar madubi, a yawancinsu sensa a fili yake, kuma a lokacin hunturu ƴan daƙiƙu sun isa hazo ya sauka a kansa. Mai madubi ma tana shan ƙura, amma madubi da labule suna ɗan kare ta.

Manhajojin gyaran hoto su ma sun ƙara wa tsofaffi kwana. DxO PureRAW da ta fito a 2021, da dabarar share yashi da Adobe ya sa a Lightroom a 2023, suna tsabtace hoton ISO 6,400 ƙwarai da gaske. Sharaɗin shi ne a ɗauki hoton a tsarin RAW, a kuma mallaki kwamfuta mai ƙarfi, da kuɗin manhajar. Mai hoton da ke miƙa JPEG kai tsaye a daren biki ba zai ci wannan moriyar ba, shi ya fi buƙatar kyamarar da ke fitar da hoto mai tsabta daga cikinta.

Baƙar fata da farin kaya

Wata matsalar ba ta da alaƙa da shekarun kyamara. Ma'aunin hasken da ke cikinta yana ƙoƙarin daidaita dukan filin hoto ne. In ango da abokansa sun sha farar shadda, ko akwai ƙwan fitila a bayansu, kyamara za ta ga haske ya yi yawa ta rage, fuskoki su nutse cikin duhu. In aka zo ɗaga su a kwamfuta, yashi duk a kan fuskar zai taru, kuma tsofaffin Canon irin 5D Mark II sun fi nuna layi-layi a irin wannan gyara fiye da Nikon na zamaninsu. Mafita ita ce a auna haske a kan fuska, a ƙara mataki ɗaya ko rabi, a kuma juya mutane su fuskanci fitila maimakon su ba ta baya. Gara ISO ya hau fuska ta fita, da a riƙe shi ƙasa hoton ya yi duhu.

Salula fa?

Tun da Google ya kawo tsarin ɗaukar dare a 2018, Apple ya biyo baya da iPhone 11 a 2019, wayoyi ke ba da mamaki cikin duhu. Dabararsu ita ce ɗaukar hotuna da yawa a jere cikin daƙiƙa ɗaya zuwa uku ko fiye, su haɗe su wuri ɗaya. Ga gini ko mutumin da ya tsaya cak, sakamakon na da kyau. Ga taron da kowa ke motsi, hannaye da fuskoki sukan narke, kuma in aka wanke hoton a babbar takarda rauninsa na bayyana.

Kafin a biya kuɗin ta hannu

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kyamarar hannu ba ta da garanti, kuma kamfanoni sukan daina ƙera kayan gyaran tsofaffin samfura bayan wasu shekaru. Abubuwan da ya kamata a duba su ne:

Adadin ɗauka. Labule yana da iyakar rayuwa. An ƙiyasta na 6D a kan ɗauka 100,000, na D750 da 5D Mark III kuma 150,000. A Nikon ana ganin adadin a bayanan da ke cikin hoton, a Canon sai an haɗa ta da kwamfuta ko a je wajen mai gyara.

Gwaji cikin duhu. A gwada ta bayan magariba ko a ɗaki mai fitila ɗaya, a ISO 3,200 da 6,400, a kan fuskar mutum mai tafiya. A buɗe hotunan a kwamfuta, domin a ƙaramin allon baya komai kyau yake yi.

Lafiyar sensa. A ɗauki farin bango a f/16 don ganin ƙura da tabo. A rufe gilashi a ɗauki hoto na ƴan daƙiƙu don ganin jajaye ko fararen ɗigon da suka mutu.

Cikin gilashi. A haska shi da fitilar salula. Kayan da suka daɗe a garuruwan bakin teku masu laima, kamar Kwatano, Lome ko Duwala, sukan yi fumfuna mai kama da saƙar gizo a ciki.

Kati da batir. D700 da 5D Mark II katin CF kawai suke ɗauka, wanda ya fi SD wuyar samu. D750 da 5D Mark III suna da ramin kati biyu, ana iya ajiye kowane hoto a wuri biyu, kariya ce babba ga mai aikin biki. A tabbatar batir da cajarsa na asali ne, a kuma karɓi takardar ciniki mai lambar kyamarar.

Wa ya dace da wacce?

Wanda aikinsa hoton tsaye ne, na ango da amarya, na dangi, na walima, kuma jarinsa kaɗan ne, babbar kyamarar hannu ta 2012 zuwa 2014 da gilashin f/1.8 da filashi ɗaya za su yi masa aikin da sabuwar ƙarama da gilashin kwalinta ba za ta yi ba. Wanda ke bin rawa, wasanni ko labarai da dare, ko yake haɗa hoto da bidiyo, kuɗin da zai ƙara a kan marar madubi ta 2018 zuwa sama ba asara ba ne, ko da ita ma ta hannu ce. Wanda kuma ya riga ya mallaki ƙaramar kyamara mai gilashin 18-55, kafin ya yi tunanin sayar da ita, ya fara sayen gilashin 35 ko 50 mai f/1.8 ya gwada a biki ɗaya.

Ko wacce aka zaɓa, kada kuɗin duka su ƙare a jikin kyamara. A ware kaso mai tsoka, kamar sulusi, don gilashi, filashi, batir na biyu da kati mai kyau, domin su ne za a nema a tsakiyar biki lokacin da wuta ta ɗauke.